Rokar Baba Mai Agogo

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya aiki? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Wasiƙarka ta iso ranar Talata. Na karanta wa Baba wurin da ka ce a karanta masa, wato maganar ya rufe gida ya koma wurina ko wurinka. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko akwai sauran sukari a gwangwani. Amsar da na samu ke nan, ita nake isar maka.

Ka tambayi labarin shago. Wata biyu ke nan da ya rufe shi. Ya ce mutane sun daina ɗaura agogo, kowa waya yake dubawa. Ya sa an kwaso teburin aikinsa an ajiye a falo gaban taga, da fitilar nan mai lanƙwasasshen wuya, da gilashin da yake maƙalawa a ido.

Abin da ke kan teburin yanzu roka ce. Kada ka tsorata, ta wasa ce, tsawonta bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsuna ba. Malamin kimiyya na makarantar bayan layinmu, wanda Baba yake tsokana da suna Farfesa, shi ya kawo masa ita a kwali. An saya wa ɗalibai, ɗaya ta ragu, ya ce Baba ya gwada tunda ya saba da ƙananan abubuwa. A ciki akwai bututun kwali, da kai mai tsini na roba, da fukafukai uku na katako marar nauyi, da 'yar lema ta leda mai zare shida wadda za ta sauko da rokar a hankali in ta tashi. Sai takardar bayani mai shafi huɗu.

Ni ce mai karanta takardar. Ya ce rubutun ya yi ƙanana, masu buga takardu na zamanin nan ba su da tausayi. Kullum in na tashi daga kantin magani sai in biya, in ɗora masa tukunya, in karanta masa mataki ɗaya. Ba ya yarda a yi biyu a rana. Jiya fukafukan ya goge da sanfefa, takardar nan mai kaushi, yana gogewa yana shafawa da babban yatsa, kusan awa guda. Na ce ai sun daidaita. Ya ce idona ne ya ce sun daidaita, yatsansa bai ce ba tukuna.

Ya ce in gaya maka sai ya gama wannan aikin za a yi maganar tashi. Ban san ko alkawari ne ko hanyar kashe magana ba.

A gaishe da mutanen gida. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya, kuma tarin da ka ce yana damun ƙaramarku ya yi sauƙi. Allah ya ƙara afuwa.

Na ga inda ka rubuta cewa ina biye wa Baba, tsoho da kayan wasan yara. Mai yiwuwa ne. Daga inda kake yin tsauri ba shi da wuya. Ni ce nake ganin fuskarsa kullum da yamma.

An manna fukafukan. Takardar ta ce a ja layi uku a jikin bututun. Baba ya ajiye rula, ya jingina bututun da gefen ƙyauren ƙofa, ya ce in bi gefen da fensir. Layin ya fito sak. Kowane fiffike sai da ya riƙe shi da hannu har gam ya kama, bai motsa ba, shayinsa ya huce a gefe.

Ranar Lahadi aka yi fenti a bayan gida. Ya soka rokar a kan sanda, na shimfiɗa tsoffin jaridu a ƙasa. An fara da fari, aka bar shi ya kwana ya bushe. Washegari sai ja. Ya girgiza gwangwanin fentin, ya fesa daga sama zuwa ƙasa yana juya sandar, kamar wanda ya yi shekaru yana wannan aiki. Da ya gama ya ɗaga ta sama wajen haske, ya juya ta sau biyu a gaban idonsa, ya ce ko tabo ɗaya bai bari ba.

Yaya, akwai farin layi mai faɗin yatsu biyu tun daga kai har gindi. Fentin bai taɓa wurin ba. Rana tana tsaka, kuma yana kallon wurin.

Da ya shiga wanke hannu na ɗauki gwangwanin na rufe layin. Kwana biyu bayan nan na same shi yana shafa rokar a kan tebur. Yatsansa ya tsaya daidai inda na fesa, don fentina ya fi nasa kauri. Ya daɗe a wurin. Sai ya tambaye ni ko mai kawo gas ya zo.

A ranar ina neman almakashi a cikin durowar teburin na ci karo da katin asibitin ido. An ba shi ranar komawa tun bara, bai koma ba. A ƙarƙashin katin akwai kwalabe biyu na maganin ɗigawa, ɗaya rabi, ɗaya ba a buɗe ba. Na san maganin, muna sayar da shi. Na hawan jinin ido ne. Shekara goma sha ɗaya ina miƙa wa iyayen mutane wannan kwalbar ina gargaɗinsu kada su tsallake rana. Na mayar da komai yadda na same shi.

Ban faɗa maka a waya ba don na san abin da za ka ce, kuma na san kana da gaskiya. Ina roƙonka kada ka kira shi da maganar. Ranar Asabar za a harba rokar. Ka ba ni zuwa Asabar.

Wassalam.

Auta

*

Yayana,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Na gode da ba ka kira ba.

An harba.

Mun isa filin ƙwallon makarantar da ƙarfe takwas na safe, lokacin iska ba ta taso ba. Farfesa ya riga mu. Ya kafa wata siririyar sandar ƙarfe a tsakiyar fili wadda rokar za ta bi ta miƙe, ya ja doguwar waya zuwa wani ɗan akwati mai maɓalli. Mu uku ne kawai, sai maigadin makarantar da ya tsaya can nesa da bokitin ruwa, wai ko da wani abu.

Baba da kansa ya naɗe lemar. Ya barbaɗa mata hodata don kada ledar ta manne, ya ninke ta, ya cusa a bututun, ya rufe da kan. Farfesa ya sa injin, wani abu kamar batirin tocila, ya maƙala masa wayoyi biyu. Muka ja da baya kamar taku goma sha biyar. Aka ɗora hannun Baba a kan maɓalli.

Ya ƙirga daga biyar zuwa ɗaya, ya danna. Shiru. Farfesa ya ce kowa ya tsaya inda yake minti ɗaya. Baba ya ce ai shi ma ba kowace safiya yake tashi da kira ɗaya ba. Ashe waya ɗaya ce ta zame. Aka gyara, ya sake ƙirgawa.

Wannan karon ta yi wani dogon tsaki, ta bar farin hayaƙi, kafin in ɗaga kai ta zama ɗigo a sama. Can sai ƙara kaɗan, lemar ta fito. Iska ta ja ta dama. Ni da Farfesa da maigadi duk muka juya dama. Baba yana kallon hagu, kansa a sama, yana murmushi.

Sai ya laluba ya kama hannun rigata. Ya ce, "Auta, faɗa mini."

Na faɗa masa. Ya tambaya ko ta miƙe ko ta yi ta wulwulawa. Na ce ta miƙe sak. Ya ce to fukafukan sun daidaita. Ya tambayi lemar, na ce ta buɗe duka, tana saukowa a hankali wajen ragar can. Farfesa ya dube ni, ya dube shi, ya tafi ɗauko rokar.

A hanyar gida bai saki hannuna ba. Ya ce ya san na gyara fentin, kuma hannuna ya yi nauyi, ban iya feshi ba. Na amsa laifina. Sai ya ba ni labarin shagon. Wani ɗan ƙaramin sukuru ne ya faɗi daga agogon wani mutum, ya kwana uku yana lalube a ƙasa, sai mai agogon ne ya nuna masa shi a kan tebur, a gabansa. A ranar ya rufe. Asibiti kuwa ya daina zuwa ne da ya ji likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ce ya so ya gama abu ɗaya da hannunsa kafin ya zama wanda ake yi wa komai.

Ban yi kuka ba, shi ma bai yi ba. Mun tsaya a kanti mun sayi burodi.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku gaba ɗaya.

Mun ga likita ranar Laraba. Idon dama ya tafi. Na hagu akwai saura kaɗan, kamar mai leƙe ta ƙofar makulli. An sauya masa magani, yanzu ni ce mai ɗiga masa safe da yamma.

Ya yarda zai koma wurina ƙarshen wata. Maigidana ya kwashe kayan ɗakin baƙi, an auna, teburin zai shiga. Maganar gidan kuma ya ce a bari sai kun zauna.

Na tambayi likitan, a bayan idon Baba, ko sauran zai daɗe. Ya ce in maganin ya karɓe shi zai iya kai shekaru, in bai karɓe shi ba wata shida ma da yawa. Bai iya ce mini wanne ba.

Jiya Baba ya tambaye ni ko ka yi furfura. Na ce ban sani ba, a hoto kullum da hula kake. Ya ce shekara huɗu rabonsa da kai, ai ta isa mutum ya yi furfura.

Na san aiki ya yi maka yawa, kuma hanya da nisa. Bai ce in kira ka ba, ni ma ban ce ka zo ba. Yanzu dai in mutum ya tsaya a gabansa, kusa, wajen taga, yana gane fuskarsa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Auta