Rarrafen da Yagana Ba Ta Yi Ba

Zuwa ga matata Falmata, uwar Yagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na zo ne in sanar da ke halin da ɗiyarki take ciki. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma wannan maganar ke ya kamata ki fara ji.

Yagana ta shiga lakwal, wato makarantar boko, bara a nan Diffa. Ba a jima ba madam ɗinsu ta aiko in zo. Ta ce yarinyar tana da kai, sai dai idan ta juya ta dubi babban allo, hannunta ma sai ya miƙe ya bi, alli ya faɗi. Ba ta iya zama wuri ɗaya. A gida kuwa kin san yadda take: murfin tukunya ya faɗi, sai ta watsa hannuwa, numfashinta ya ɗauke, kamar jinjirin da aka ajiye da gaggawa.

Kowa da abin da ya faɗa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce ƙarar bindiga ce ta zauna mata a jini. Inna ta ce, "Ka cire ta daga bokon nan, wahalar ta isa." Ba na musu da mahaifiyata, amma ban cire ta ba.

Na kai ta likita, aka tura mu wurin wata kine, mai gyaran motsin jiki. Ta sa Yagana ta durƙusa da hannuwa da gwiwoyi, ta juya mata kai a hankali, sai gwiwar hannunta ta lanƙwashe nan take. Ta bayyana mini cewa kowane jariri da irin waɗannan motsin ake haihuwarsa, zaburar nan da miƙewar hannun, kuma yawanci kafin ya shekara sun tafi da kansu. Na Yagana ba su tafi ba. Sannan ta tambaye ni ko ta yi rarrafe.

Falmata, sai na tuna bukkarmu ta bakin kwalta, bayan mun taso gudun hijira daga Geskeru. Ƙasa duk ƙarangiya da kunama. Ba ki taɓa sauke ta daga bayanki ba, ko daka kike, ko layin ruwa. Daga goyo sai tsayuwa. Kine ɗin ta ce ba wanda zai iya rantsuwa wannan ne dalili. Ni ma ina faɗa miki, ba laifinki ba ne. Bayanki ne ya kawo ta da rai.

An koya mana motsa jiki kaɗan, kullum da safe. Ta kwanta rigingine ta buɗe hannuwa da ƙafafu, sannan ta naɗe su a ƙirji tana fitar da numfashi. Ta ja ciki kamar ƙadangare. Ta yi rarrafe tana duban hannun da ke gaba. An gargaɗe ni cewa abu ne na watanni, kuma ba a yi mini alƙawarin komai ba.

Ranar farko ta ƙi. Ta ce, "Baba, ni ba jaririya ba ce." Sai na tuɓe babbar rigata na durƙusa a tabarma. Da kin ga mijinki, mai furfura a gemu, yana jan ciki a tsakar gida! Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Har kasuwa labarin ya kai, masu tattasai suna ce mini damo. Su faɗa. Yagana dai ta yi dariya har da hawaye, ta durƙusa kusa da ni.

Kin sha ce mini, "Tattasai ba ya ja a rana ɗaya." Yanzu tana rubuta sunanta har ƙarshe ba ta saki alli ba. Zaburar tana nan, amma takan dawo hayyacinta da wuri. Wasu ranakun kuma kamar ba mu taɓa farawa ba.

Lokacin tsinkar tattasai ya yi, yayana Bukar ya aiko in tafi gonarmu ta bakin kogin Komadugu in zauna har a gama. Na ce ya ɗauki ɗan ƙwadago, a cire daga rabona. Ya yi fushi, ya ce namiji ba ya barin gona don wasan yara. Zai huce. Gonar ta san hannun kowa, amma yarinyar nan ba ta durƙusawa sai ta ga gwiwata a ƙasa.

Allah Ya jiƙanki, Falmata, Ya haskaka makwancinki, Ya saka miki da aljanna kan kowane taki da kika yi da ita a baya. Ni kuma Ya ƙara wa gwiwoyina ƙarfi, don gobe ma da sassafe muna kan tabarma.

Naki har kullum,
Baban Yagana