Tsagar da Ke Gefen Gadon Inna

Litinin, 3 ga Nuwamba

"Yaya, ki sa a ranki an gama. Kafin sanyi ya shigo zan toshe ɗakin Inna, in hau silin in shimfiɗa masa abin riƙe ɗumi, har sauro ya rasa ta inda zai bi." Maganar ƙanina Auta ke nan a watan Mayu, yana dafe da ƙirji. Na rubuta ta a nan don kada wata rana ya ce ƙage na yi masa.

To, sanyi ya shigo, ko sallama bai yi ba, tunda bai ga ƙofar da za ta tsayar da shi ba.

Yau na kai Inna asibiti saboda tarin nan. Likita ta daɗe tana sauraron ƙirjinta, sannan ta ce huhun nan ba zai jure wani sanyin a ɗaki mai iska ba. Ko dai a gyara ɗakin kafin mu koma wurinta nan da sati huɗu, ko a ɗauke ta zuwa wani gidan. Inna ta ce, "Likita, ɗauka ɗaya ta rage mini daga gidan nan, kuma ba a zaune za a yi ta ba." Likita ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Rabon Auta da gidan nan tun watan jiya, ranar da na ce masa a gaban 'ya'yansa kada ya sake taka mana ƙofa sai da tsani a kafaɗa. Na faɗa, ban kuma janye ba.

Ni zan yi aikin. Matar da ta shekara talatin tana toshe ramukan da ke kan 'yan makaranta ba za ta kasa ramin bango ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na aro littafin gyaran tsofaffin gidaje a laburare. Marubucin ya cika surutu, abin da shafi goma zai ɗauka ya baza shi a ɗari biyu. Da ɗalibina ne da ya sha jan biro. Amma ga ƙashin maganar: ɗumi sama yake gudu, ya fice ta silin, shi kuma sanyi ya shigo ta ƙasa ya gaje wurinsa. A fara toshe tsagogi, sannan a shimfiɗa audugar gilashi, mai riƙe ɗumi, a saman silin. In an juya tsarin, an yi wa kwando murfi ke nan.

Ashe duk shekarun nan titi muke ɗumamawa. Hita tana kunne yini guda, mita tana gudu kamar an biyo ta, Inna tana rawar ɗari a cikin bargo biyu.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Farautar iska. Na rufe ƙofofi, na kunna turaren tsinke, na bi bango ina kallon hayaƙi. Inda ya miƙe, lafiya. Inda ya karkace, nan ɓarawo yake, sai in yi masa alama da alli. Ƙarƙashin ƙofa, hayaƙin kwanciya ya yi. Bayan soket, iska. Inda bututun ruwa ya huda bango, har fito take yi. Wurin da wayar fitila ta shiga silin ma haka. Kafin azahar ɗakin ya koma kamar allon aji.

Inna tana kallona daga gado. Ta ce, "Yau kuma iskoki ake kora?"

Na ce, "E, Inna, sai dai babban ɗan iskan ba ya gida."

Ta ce, "Kul. Ɗana ne."

Mafi muni ita ce tagar da ke gefen gadonta, mai kallon lungu. Tun zamanin Baba fenti ya kame ta, ba ta buɗewa, gilashinta kuma irin mai duhu ne. Amma kusurwar ƙasa katakon ya ruɓe, ya bar tsaga mai cin yatsu biyu, daidai saitin kan Inna. Da na kai turaren wurin, iska ta maido mini da hayaƙin cikin ido. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji mutanen da. Wannan ko kyanwa sai ta gwada.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Gwiwoyina sun ce su ba su yi wa kowa alkawari ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Shagon kayan gini. Na ce a ba ni roba mai gam ta gefen ƙofa, da soson toshe tsaga, da gam ɗin bindiga, da naɗin audugar gilashi. Mai shago ya leƙa bayana ya ce, "Hajiya, ina kafintan naki?" Na ce, "Ga ta kana magana da ita." Ya ce audugar tana ƙaiƙayi. Na ce ni ma haka, sai mu ga wa zai fara sosa wani. Ya ƙara mini safar hannu da takunkumi.

Asabar, 15 ga Nuwamba

An gama ƙasa. Na manna roba a kewayen ƙofa, na ɗaura mata robar tare iska a gindi, na cike bayan soket bayan na kashe wuta, na zagaye bututu da gam. Tsagar taga na ɗura mata soso har ya ƙi shiga, na bi da gam. Ramin iskar kicin na bar shi yadda yake, saboda gas. Ni fushi nake yi, ba hauka ba.

Na sake zagawa da turare. Hayaƙi ya tsaya ƙyam kamar soja. Na ji wani daɗi da rabona da shi tun ranar da na ci jarrabawar ƙarshe.

Na ɗauka Inna za ta sa mini albarka. Sai ta karkata kunne, ta ce, "Ɗakin ya kurumce." Na ce ai ya yi ɗumi. Ta ce, "Kabari ma ba ya yoyo. Kin hana ni shan iska." Na haɗiye abin da ya zo mini baki.

Saura silin. Sai da tsani, da wanda zai riƙe shi. Na aika wa Auta saƙo. Amsa: "In Allah Ya yarda wannan satin, Yaya." Satinsa ba shi da Asabar.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Na dawo daga makaranta na tarar da soson taga a ƙasa. Na mayar, na ninka gam.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Ya sake fita! Na koma shago na wanke mai shago tas, na ce ruwan shinkafa ya sayar mini da sunan gam. Ya matsa kaɗan a kan kanta, ya manna yatsansa, ya ce in gwada cirewa. Gaskiya gam ɗin ba shi da laifi. Ban ba shi haƙuri ba, amma na sayi tarkon ɓera don kada in fita hannu sake.

Tarin Inna ya ƙi sauka. Da safe nake jin shi ya fi tsanani.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Tarko bai kama kowa ba. Ina canza zanen gado na ga soson a ƙarƙashin matashin Inna, a ninke tsaf, ga ƙaramin cokali kusa da shi, gam duk ya ɓata masa mariƙi. Ɓera ba ya ninke kaya.

Na ce, "Inna, mene ne wannan?" Ta ce, "Na'am?" Na maimaita. Ta ce kunnenta yau ba ya aiki. Kunnen da ke jin an buɗe gwangwanin madara daga ɗaki na uku!

Na fita tsakar gida na yi ta wanke bokitin da ba shi da datti. Ina kashe kaina a kan ƙirjinta, ita kuma tana buɗe wa sanyi hanya da cokali.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Mura ta kwantar da ni, ban je makaranta ba. Inna ba ta sani ba, don kullum kafin ta gama azkar na fice.

Hantsi bai yi ba na ji ana ƙwanƙwasa gilashi a hankali daga lungu. Sai ƙarar cokali, ƙyas, ƙyas. Na lallaɓa na tsaya a bakin ƙofarta.

"Inna, kin tashi lafiya? Zakanyar ta fita?"

Muryar Auta. Ta cikin tsaga.

"Ta fita. Ya jikin ƙaramar?"

"Da sauƙi. Haƙorin ya fito. Kin sha maganin safe?"

Haka suka yi ta yi. Ya ba ta labarin motarsa da ta mutu a tsakiyar titi, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ya zuro mata alewar tari ta ramin, ɗaya bayan ɗaya. Ashe kullum kafin ya wuce aiki sai ya durƙusa a lungun nan, namiji mai furfura a gemu, ya kafa baki a ruɓaɓɓen katako.

Inna ta ce, "Ka shigo mana ta ƙofa kamar ɗan mutane."

Ya ce, "Yaya ta ce sai da tsani."

"To ka zo da tsanin."

Ya ce, "Na aro, Inna. Yana gidana tun wancan watan. Na jingina shi da katanga, na taka na uku, sai ƙasa ta fara juyawa. In na kawo shi dole in hau, tana tsaye tana kallona."

Inna ta ce, "Kai da tun kana yaro ko kujera ba ka hawa, wa ya aike ka alkawarin silin?"

Ya ce, "Bakina."

Na koma ɗaki da sanɗa, na ja bargo. Mura ce ta sa idona ruwa.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Shekara arba'in ina ba shi umarni yana watsarwa. Sai wannan ɗaya ya ga damar bi harafi da harafi. Ɗan iska.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Na kai wa Inna shayi, na ajiye mata cokalinta a gefe, wanda na kankare wa gam. Ta dube shi, ta dube ni.

Na ce, "Iskar nan da kike sha da safe, ita ke ƙara miki tari."

Ta ce, "Ita ke sa in tashi."

Na ce ai sai ta faɗa mini. Ta ce, "A faɗa miki? Ke da in kin toshe abu sai kin bi da gam?" Ta kurɓi shayi. Ta ce mu biyu ta haifa, ɗaya baki ba hannu, ɗaya hannu da baki duka, kuma na biyun ya fi wuyar zama. Wai ni ce nake hawa bishiya in tsinko, shi yana ƙasa yana tara a riga, kuma ba a taɓa jin mun dawo hannu wofi ba.

Na ce shayinta zai huce.

Amma lissafin bai canza ba. Tsagar tana nan, sanyi yana shiga, silin tsirara yake, likita tana jira. Ba zan bari a fitar da Inna daga gidan nan don ɗanta yana jin kunya ba, ko don wani abin daban.

Talata, 25 ga Nuwamba

Jiya da yau na yi su a kan taga. Na bi gefenta da wuƙa na yanke fentin Baba, na cire ruɓaɓɓen katakon na sa sabo, na ɗiga wa ƙarafunan mai, na zagaye ta da roba. Yanzu tana buɗewa da yatsa ɗaya, in an rufe kuma hayaƙin turare ko gezau. Littafin ne ya ce ɗakin da aka toshe yana bukatar a sabunta iskarsa kaɗan kowace safiya. Dalilina ke nan. Na ce wa Inna ta yafa bargo in za ta buɗe, kuma ban da doguwar hira da iska. Ta ce to, tana kallon silin.

Na koma shago na ƙaro safar hannu, babba. Tawa ta fara yagewa, shi ya sa.

Na aika wa Auta saƙo, na kwafe shi nan kamar yadda na kwafe alkawarinsa: "Asabar, kafin hantsi. Ka zo da tsanin, ta ƙofa. Ni zan hau, kai ka riƙe ka miƙo auduga. In ka ɗaga ƙafa ka taka ko matakin farko, sai na saɓa maka."

In ya zo, mu gama silin kafin la'asar, ranar Litinin in kai Inna wurin likita in ce ta sake saurara. In hantsi ya yi ban ga ƙeyarsa ba, zan je gidansa da kaina, in saɓo tsanin a kafaɗa ɗaya, in riƙo kunnensa da ɗayan hannun, mu ratso titi a haka kowa ya gani.

Na sayo madara gwangwani biyu. Yaran nasa ba su iya shan shayi baƙi ba.