Irin Geron Manzo

Yaya Saliha,

Gaisuwa daga Yamai. Yaya Inna da ƙafarta? Ni lafiya lau, barci ne kawai ke yi mini rowa.

Na je wajen manya kan ƙanenmu Manzo, suka sallame ni da ruwan sanyi. Shanunsa sun shiga gonar maƙwabci, maganar da mai gari zai kashe da damin gero, amma damina biyu yana kaso, alƙali bai ko ga fuskarsa ba. Ana ciyar da manomi a ɗaki, gonarsa tana noman ciyawa!

Jiya na yi mafarki an buɗe ƙofofin, maza suna fitowa da hauya a kafaɗa, hadari yana biye da su har Mallawa.

Don Allah, ko yunwa ta matsa, kada ku daka irin geronsa.

Ƙanwarki,
Nasiba