Jikan da Ba Ya Satar Kifi

Labasa,
Bayan Ƙaramar Sallah.

Zuwa ga 'yata Rukshana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Feroz da yara, kuma sanyin Melbourne da ya fara shigowa bai matsa muku ba. Allah Ya karɓi ibadarku, Ya maimaita muku, Ya ƙara wa Feroz buɗi, Ya raya Imtiaz da Sabiha a kan hanya madaidaiciya. Mu nan sai godiya. Ruwa ya yi yawa a farkon wata har ya hau ƙaramar gadar bakin makaranta, amma bai shigo gida ba. Rake ya yi kyau bana. Gwaibar da mahaifiyarki ta dasa ta yi 'ya'ya, sai dai jemagu sun riga ni. Gwaggonki Hamidan tana nan da ciwon gwiwarta da bakinta, ita ke aiko mini da gurasar roti da miyar wake kullum, tana haɗawa da faɗa. Ki yi haƙuri da rubutun. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan kunnen yara a kan karkataccen harafi, yau ga hannunsa yana rawa kamar ganyen ayaba.

Na zaɓi takarda ne saboda a waya kin fi ni sauri, kafin in haɗa magana kin riga kin ce a bar ta. Kuma akwai wani labari da na daɗe ina zaton kin sani, ashe ba ki sani ba. Zai zo a inda ya kamata. Amma ki bar ni in fara da wasan nan, domin ta cikinsa abin ya biyo.

Kin tuna lokacin da kuka zo addu'ar arba'in ta mahaifiyarki, Imtiaz ya haɗa mini na'urar wasan bidiyo a jikin talabijin, ya ce in ya koma za mu riƙa fita kamun kifi tare, ni daga nan, shi daga can, a cikin jirgi ɗaya. Na ce masa ni ba yaro ba ne. Ya ce wai ai shi ya sa ya zaɓo mini wasan da ba a gudu a cikinsa, don kada Nana, wato ni kakansa, ya faɗi ya karya ƙugu a kan kujera. Na bi shi da sanda, kin gani da idonki.

To tunda na shekara ina yin wasan, ina da hakkin in duba shi kamar yadda nake duba takardar jarrabawa, kuma ba zan tauye shi ba. Waɗanda suka yi shi sun san ruwa. Yadda hasken yamma ke kwanciya a kan teku, da yadda jirgi ke rangaji idan iska ta juya, duk sun kamo su. Ba a harbin kowa a ciki, ba a zagi, kuma yana koya wa yaro jira, abin da makaranta ma ta kasa. Babban alherinsa a gare ni shi ne ya mayar mini da ƙafafuna. Ni da ba na iya kai wa bakin titi sai na huta, a ciki ina tsalle daga jirgi zuwa dutse, ina jan koma, ina hawan tsauni in hango tsibirai. Saboda shi na koma duba agogo. Da na idar da la'asar sai in gyara zama, kamar mai jiran baƙo.

Kurakuransa kuma ba kaɗan ba ne. Maƙwabcina Ilaitia, wanda ya tsufa a cikin jirgin kamun kifi na gaske, yakan zo ya zauna yana kallo yana tsaki. Ya ce wanda ya zana wasan nan bai taɓa jiƙa wandonsa ba, in ba haka ba yaya za a ce kifin zurfi ya ci ƙugiya da tsakar rana a ruwan da bai kai gwiwa ba. Ruwa ba ya janyewa balle ya dawo, wata ba shi da aiki, koma ba ta yagewa, mutum ya faɗa teku sai ya fito da rigarsa a bushe. Babu ƙarni, babu sauro. Kuma kowane lokaci suna tura maka sabuwar hula ko sabon fenti, kamar mai kanti da ya tare ka a ƙofa. Duk waɗannan na yafe musu. Yaro ma yakan ci jarrabawa da kurakurai a gefen takarda.

Abin da ya riƙe ni ba tekun ba ne, Imtiaz ne. Sabis ɗinmu ba ya ɗaukar murya, sai alama da ɗan gajeren rubutu, amma ko ba murya na san jikana. Da na juya baya sai ya kwashe kifin da ke kwandona ya zuba a nasa. Ya tura ni ruwa, ya tsaya yana rawa a kan jirgin. Ya rubuto mini cewa tsoho ya yi barci, ni kuma in ɗauki lokaci ina laluben haruffa ɗaya bayan ɗaya har in rubuta masa ɓarawo. Ina dariya ni kaɗai a ɗaki har tari ya sarƙe ni. Tun rasuwar mahaifiyarki Zaibun gidan nan bai ji irin wannan ba.

Sai wajen ƙarshen shekara yaron ya canja. Ya daina makara, kullum na kunna yana tsaye a bakin gaɓa yana ɗaga mini hannu. Ya daina sata. Idan na kama kifi sai ya tafa, ya rubuto madalla, mu ci gaba. Idan na ajiye madannin na tashi sallar magariba, in dawo in tarar yana zaune bai taɓa komai ba. Na yi murna, 'yata. Har na yi wa Ilaitia alfahari cewa jikana ya yi hankali. Ya ce Masta, jikan da ya daina tsokanar kakansa ko dai ba shi da lafiya ko yana neman aure. Na ce hassada ce ke damunsa. Ana cewa kifi na ganinka mai jar koma. Ni ne kifin da bai gani ba.

Sauran kin san shi, domin a gabanki aka yi. Ranar Sallah da yamma Ilaitia da matarsa Mereoni suka shigo shan samai, taliyar madara mai zaƙi, kamar kowace shekara. Hamidan ta aiko a ɗauke ni zuwa gidanta inda dangi suka taru, na ƙi, na ce ba zan bar Imtiaz yana jirana a bakin ruwa ranar Sallah ba. Muna cikin jirgi ke nan kika kira ta wayar hoto. Ilaitia ya riƙe mini wayar, domin hannuna yana kan madanni. Kina yi mini barka da Sallah sai ga Imtiaz ya gifta ta bayanki, kwano a hannun hagu, cokali a dama, baki cike, yana ɗaga mini gira. A talabijin kuma ga Imtiaz yana jan koma. Ilaitia ya dubi nan, ya dubi can, ya ce Masta, ashe a Melbourne yara hannu huɗu suke fitowa da shi. Mereoni ta zungure shi. Ba wanda ya sake dariya.

Kika ce in kwantar da hankalina, ba wani abu ba ne. Wai karatu ya yi wa yaron yawa, ga aikin da ya samu a kanti, sai ya kunna wani abu a wasan da ke tafiyar da mutum-mutuminsa idan ba ya nan. Kika ce ke kika hana shi gaya mini, don kin ga wasan yana sa ni cin abinci, kuma da babu gara ba daɗi. Na ce to. Na ture kwanon samai ɗin gefe.

Wannan shi ne kuskuren da ban yafe wa masu wasan ba. Sun yi ƙoƙari su zana kowane ɓawon kifi, amma ba su ga ya dace su sa ko ɗan ɗigo a kan mutum ba, wanda zai nuna wa tsoho cewa babu kowa a cikin rigar nan. Sai dai su baƙi ne, ba su san ni ba. Ke kin san ni. Da yaron ya ce Nana, aiki ya yi mini yawa, sai ranar Juma'a, wallahi da na sa masa albarka, in jira Juma'a da farin ciki. Na koyar da yara, na san lokacin da wasa yake fita ran yaro, ba laifi ba ne. Abin da ya yi mini ciwo shi ne kuka zauna kuka auna ni, kuka ga hankalina ya kai a ba ni 'yar tsana in yi shiru.

Yanzu ga labarin. Kafin azumi Hamidan ta kai ni asibiti saboda kumburin ƙafa da numfashi. Na sa ta jira a waje. Likita ya ce zuciyata ta gaji ƙwarai, shekaruna sun wuce a yi mini aiki, sai magani da lallaɓawa. Ya hana ni azumi. Ya ce idan ina da waɗanda nake so in gani, kada in ce sai baɗi. Na kasa faɗa miki a waya. Da yammar ranar na tsayar da jirgi a tsakiyar ruwa, na rubuta wa jikana, harafi bayan harafi, abin da likita ya ce, na roƙe shi ya gaya wa mamarsa a hankali. Ya tafa mini. Ya rubuto madalla, mu ci gaba. Na share hawaye na ce yaron nan namiji ne, ƙarfafa mini gwiwa yake yi. Daga nan na zauna ina jiran ki. Azumi ya shiga ya fita, kina kira kina tambayar ko na ci abinci, ko ruwa ya tsaya, ina sauraren inda za ki taɓo maganar, ba ki taɓo ba. Na yi ta nema miki uzuri. Wani lokacin kuma, ba zan ɓoye miki ba, na ce a raina ashe haka nisa yake mayar da 'ya. To yanzu na san ba ki ji ba. Ban sani ba ko wannan sauƙi ne. Maganar da ta fi kowace nauyi a bakina, na ɗauke ta na miƙa wa abin da ba shi da kunne, kuma ku kuka tsayar da shi a wurin.

Ban rubuto don ki yi kuka ba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ban kuma ce ki bar aikinki ki taho gobe ba, kin ji abin da likita ya ce, ke ma kina da hankali, kuma zumunci a ƙafa yake. Abu ɗaya nake roƙo, kada a ƙara jin tausayina ta hanyar ɓoye mini gaskiya. Na'urar tana nan, na lulluɓe ta da mayafin mahaifiyarki. Kada ki yi wa Imtiaz faɗa, umarninki ya bi. Ki ba shi takardar nan ya karanta da kansa. Ki ce masa ranar Juma'a mai zuwa bayan ta iso, in Allah Ya kai mu, zan kunna sau ɗaya bayan la'asar, in cika kwandona in juya baya. Idan mai tafin nan ne ya zo, zan kashe in ba jikokin Ilaitia na'urar. Idan shi ne, ya san abin da zai yi.

Ki gaida Feroz da kyau, ki ce ina gode masa da maganin gwiwar da ya aiko wa Hamidan. Ki gaida surukarki Hajiya Khairun, da ƙaninki Nazim idan ya leƙo daga Sydney. Ki shafa mini kan Sabiha, zanen jirgin da ta yi mini yana manne a bango. Hamidan tana gaishe ku, ita ma yau zan gaya mata, na san sai unguwa ta ji. Ilaitia da Mereoni suna gaisuwa. Allah Ya yi muku albarka, Ya sada fuskokinmu da alheri.

Ki gaida ɓarawon kifina, in har yana nan.

Naki,
Abbanki, Rahmat Ali.