Mesar da Na Kashe a Wida

Yaya Hamani,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara, ya noman shinkafa a can Tanda?

Ni kam tsoro ya hana ni sakat. Shekaranjiya na ɗauko anasara daga babban jirgin ruwa na yawon shaƙatawa a Kwatano, na kawo su Wida kallon tsohon gari. Sai ga mesa ƙarƙashin motata, na sauke mata sanda yadda muke yi a gona. Ashe mutanen garin nan bauta mata suke! Anasaran sun ɗauki foto, sun koma jirginsu. Ni ake nema. Ban ga laifin mutanen ba, garinsu ne. Gobe zan kai kaina wurin dattawansu.

Kar Inna ta ji. Ku sa ni cikin addu'a. A gaida Hadiza.

Ƙanenka,
Sani