Gayyar da Muka Kai Sabiyal

Zuwa ga Yayana Umaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Na san takarda ba ta zuwa inda kake, amma labarin nan ya cika mini ciki, kuma kai ne ka fi cancanta ka ji shi.

Ka tafi kafin a ba mu jiha. To, a dogon hutun bana an tara yara masu kaifin ƙwaƙwalwa daga Jega da Aliero da Maiyama a wata makaranta a Jega, aka ce ƙanenka ya koya musu lissafi. Yaya, ban taɓa shan wahala mai daɗi irin wannan ba. Kafin in gama rubuta tambaya a allo sun ba da amsa, wani ma ya ɗaga hannu ya nuna mini hanyar da ta fi tawa sauƙi.

Cikinsu akwai Habu, ɗan wani manomin albasa daga Sabiyal. Ba shi da surutu, amma da ya riƙe alli sai aji ya yi tsit. Ana saura mako guda a yi jarrabawar da za a zaɓi waɗanda za su wuce babbar makaranta, sai ga mahaifinsa a kan keke, ya zo ɗaukarsa. Ciyawa ta ci gonar gero, ta ci irin albasa, kuma ba shi da wani ɗa namiji a gida. Ban ga laifinsa ba, amma na san in ya zauna a gona jarrabawar za ta wuce shi.

Hadiza ce ta fitar da mu, ɗalibata ce, 'yar wani mahauci a unguwar Jega Magaji, yarinya mai bakin tsiya. Ta ce tunda hannu ake nema, ai mu ma muna da hannuwa, a kira gayya.

Ranar Asabar wani direba ya zuba mu a bayan akori-kura, yara na waƙa har Sabiyal. 'Yan ƙauyen Giwa Tazo da sauran 'ya'yan manoma suka shiga gero da fartanya, kafin azahar sun gama maimai. 'Yan birnin Jega kuwa, ni da hikimata na ce a ba su aiki mai sauƙi, su cire ciyawa da hannu a fangalin irin albasa.

Ka dai san ɗan tsiron albasa, siriri kamar ciyawa. Su ba su sani ba. Suka zauna suka yi shawara irin ta masu ilimi, suka yanke cewa mai faɗin ganye shi ne amfanin gona. Suka bi fangali guda suka tuge albasar tas, suka bar ciyawa tsaf a jere.

Mahaifin Habu ya zo ya tsaya, ya dubi fangalin, ya dube ni, sannan ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. Abin da ya ce ba zan manta ba: "Malam, don Allah kwashe ɗiyanka ku tahi. Habu ma ku tahi da shi, kahin ku ƙare min albasa!" Sai da muka sake dasa irin albasar, muka sha fura, sannan muka hau mota. Habu ya rubuta jarrabawarsa, kuma an ɗauke shi.

A hanyar dawowa yara na ta tsokanar Hadiza, ni kuwa kai nake tunawa. Duk damina idan Baba ya ce in bar makaranta in zo gona, kakan karɓe fartanyar daga hannuna ka ce, "Tahi abinka, kai ko ka zo ɓarna za ka yi." Ina jin haushin maganar nan a lokacin, na ɗauka raini ne. Habu sai da aka cika mota da yara kafin aka fanso shi. Ni kuwa kai kaɗai ka yi mini gayya, shekara da shekaru, ba waƙa, ba fura.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya haskaka kabarinka, ya sa duk harafin da yaran nan suka koya a hannuna ya zama lada a gare ka.

Ƙanenka mai ɓarna a gona,
Sani