Lambar Mota da Ƙafar Ƙarfe

Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya gwiwar Inna? Ni nan Greensboro lafiya lau, hannu ne kawai aka ɗinke min.

Na san bidiyon faɗan da na yi ya iso wayarki, gara ki ji daga bakina. Lambar motata ta naƙasassun tsofaffin sojojin ƙasar nan ce irina, ba na biyan kuɗin rajista. Ranar Asabar na faka gaban shagon nama a titin Gate City Boulevard. Wani ƙato ya karanta lambar, ya ji harshena, wai ɓarawo ne ni, ina cin haƙƙin sojojinsu. Ya tsuguna zai ɓalle ta da sukudireba.

Yaya, idona ya rufe. Na shaƙe shi, ya caka min a hannu, muka zube kan kwalta. Na kwance ƙafata ta ƙarfe na rotsa gilashin motarsa da ita. Na ce ga rasit ɗina, ta gasken bam ya cinye a Iraƙi. Akwai zaman kotu wata mai zuwa. Ba wani abu ba ne, a dai sa ni a addu'a.

Roƙona ɗaya: kada Inna ta gani. Har yau ta ɗauka ɗingishi kawai nake yi. Ki hana jikoki kunna waya kusa da ita. Takalmin da take aiko min duk Sallah kuma, ki bar ta ta saya. Ita ma ta ƙarfen tana sawa.

Ƙaninki,
Ma'aruf